LADUBBAN SAUKA A GIDAN MUTANE A ƘASAR WAJE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa samari, darasinmu na wannan karo a kan wani abu ne da yawancinku za su gamu da shi, in ma ba su riga sun gamu da shi ba. Yau ɗan Kano na karatu a Alƙahira, ɗan Maraɗi na sarin kaya a Dubai, ɗan Gusau ya bi motar albasa har Kumasi, wani kuma ya sami gurbin karatu a Turai. Mafi yawansu ba su da kuɗin otal. Abin da a kan yi shi ne a ba saurayi lambar wayar wani, a ce da shi, "In ka isa ka neme shi, zai sauke ka." Sai ka ga yaro ya ɗauki jaka ya shiga gidan mutumin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai san dokarta ba, cikin iyalin da bai san al'adarsu ba.

Mun sha jin wa'azi a kan karrama baƙo, kuma gaskiya ne, wajibi ne. Amma wannan wa'azi maigida a ke yi wa. Shi baƙon ba a cika gaya masa nasa ba. Hausawa kan ce baƙonka Annabinka. To, ka sani wannan maganar mutane ce, ba hadisi ba ce, kuma ba ta ba ka izinin ka miƙe ƙafa a gidan wani ba. Abin da mu ke so ka riƙe daga wannan darasi shi ne, haƙƙinka na baƙo yana da iyaka, shari'a ta ƙidaya kwanakinsa. Amanar da ka ɗauka ranar da aka buɗe maka ƙofa kuwa, tana nan a wuyanka har bayan ka koma gida.

NA FARKO: WA YA BUƊE MAKA ƘOFAR?

Ka sani ba kai ne ka fara wannan tafiya ba. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, ayari guda ƙarƙashin madugu, tafiyar watanni a ƙasa. In sun isa Salaga, kowane falke yana da mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in kuma za a ba da bashi shi ne zai tsaya masa. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu, zangon Kumasi da na Akra da na wasu garuruwa suka ƙara cika. Har yau sunan unguwannin ke nan a Gana, zango.

Haka kuma ta gabas. Kafin jirgin sama, maniyyata ta ƙasa su ke bi, su ratsa Barno da Cadi, su shiga Sudan, har su kai gaɓar Bahar Maliya. Wani ya kan yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙodago, yana sauka gidan waɗanda suka riga shi. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ya kuma zama masaukin masu wucewa.

Duk wannan tsari a kan abu guda ya tsaya, watau amana. Babu takarda, babu lauya. Saboda haka in ka isa Kumasi ko Yawunde ko Jidda aka ce maka, "Shigo, ai kai ɗan gida ne," ba don kyan fuskarka ba ne. Wani ne ya sauka a nan kafin kai, ya zauna lafiya, ya tafi lafiya, ya bar ƙofar a buɗe. Kai ma kana iya barinta a buɗe, kana kuma iya rufe ta ga duk ɗan garinku da zai zo bayanka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

NA BIYU: KAFIN KA ƊAURA KAYA

Kada ka faɗa wa mutum kamar ruwan sama. A da ba waya, falke ya kan iso ne kawai. Yau ba ka da wannan uzuri. Ka kira shi, ko wanda ya haɗa ku ya kira shi, ka gaya masa abu huɗu: abin da ya kawo ka, ranar da za ka iso, ku nawa ne, da ranar da za ka tashi. In ya yi jim, ko ya ce bari ya shawarci iyali, ka gane. Allah Maɗaukaki ya koya mana a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, cewa ba a shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma in an ce a koma, a koma, wannan shi ya fi tsarki. Wanda ya ce maka ba shi da wuri bai yi maka laifi ba. Sau da yawa mutanenmu da ke waje, waɗanda mu ke zaton suna cikin daula, ɗaki ɗaya su ke haya su da matansu da 'ya'yansu.

Sa'an nan ka binciki wanda za ka sauka wurinsa. Ba kowane mai cewa "zo" ne mai masauki ba. A 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ba da labarin gidaje a garin Sabha na Libiya inda a ke tsare samarin da suka ratsa hamada ta Agadas, a na dukansu, a na sa su kira iyayensu a aiko da kuɗi.  Saboda haka mutumin da ba ka sani ba sai a Facebook ko WhatsApp, ba wanda ya san asalinsa, ba wani dattijo da zai tsaya masa, kada ka miƙa masa kanka, balle fasfonka. Ka bar wa iyayenka sunan mai masaukinka da unguwarsa da lambarsa.

Abu na uku, takardunka su zama cikakku. Wannan ba maganar boko ba ce kawai, maganar amana ce, domin laifinka a kan mai masaukinka zai faɗa. A ƙasar Sin, baƙon da ya sauka gidan wani maimakon otal, doka ta ce a rubuta sunansa wurin 'yan sanda cikin awa 24. A Faransa, wanda zai sauke baƙo mai gajeriyar ziyara ya kan je ofishin magajin gari ya sa hannu a takarda cewa a gidansa za ka zauna. A Sa'udiyya, wanda ya ɓoye mutumin da bizarsa ta ƙare yana fuskantar tara da ɗauri, in shi ma baƙo ne a kore shi. Ka tuna mai masaukin naka shi ma sau da yawa baƙo ne a ƙasar. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita, mutanen da suka shekara da shekaru a zango suka bar gidajensu. A 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi haka nan. Mutumin da zamansa ke rataye da takarda guda, kada ka zama kai ne sanadin yaga ta.

NA UKU: KWANA UKU

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Shuraihu, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya wa baƙo yini da dare na karramawa ta musamman, ya sanya liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka kuwa sadaka ce. Ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. A riwayar Muslim an bayyana yadda baƙo ke jefa ɗan'uwansa cikin zunubi, watau ya zauna masa alhali ba shi da abin da zai ba shi.

Ka duba wannan da kyau. Daga rana ta huɗu, tuwon da ka ke ci sadaka ce a ke ba ka. Kai da ka ke da lafiya da ƙarfi, ka yarda ka wuni kana cin sadakar mutumin da ya fita tun asuba yana nema? Kuma ta yaya za ka sa shi zunubi? Zai fara jin haushinka a zuci, ya yi da kai wurin matarsa, ya ci bashi don ya rufa asiri, ya yi maka ƙarya cewa zai yi tafiya don ka tashi. Duk wannan kai ne ka tura shi.

Ga wani abin lura. A mazhabar Imamu Malik, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru, sai ya cika salla. Shari'a da kanta ta daina lissafa shi cikin matafiya. To, in Ubangijinka ya ɗauke maka rangwamen matafiyi, don me kai za ka ci gaba da jiran a kawo maka ruwan wanka?

Wani zai ce, "Malam, ni karatu na zo, kwana uku ba za su ishe ni samun ɗaki ba." Gaskiya ne, kuma shari'a ba ta hana ka wuce kwana uku ba in maigida ya yarda da zuciya ɗaya. Manzon Allah (S.A.W.) da ya yi hijira zuwa Madina a 622, ya zauna gidan Abu Ayyubal Ansari wajen wata bakwai, har aka gama gina masallaci da ɗakunansa. Amma ka ga yadda ya zauna. Gidan bene ne, sai ya zaɓi ƙasa, domin ya fi sauƙi gare shi da masu zuwa wurinsa, kada jama'a su riƙa ratsa iyalin gidan. Kuma zaman yana da ranar ƙarewa, a na gini a na gani. Kai ma in zamanka zai yi tsawo, ka zauna da maigida ku yi magana a fili: zuwa yaushe, kuma me za ka riƙa kawowa. Baƙo raɓa ne. Raɓar da ta kai azahar ba ta bushe ba, ta zama wani abu dabam.

NA HUƊU: IDONKA DA KUNNENKA DA HARSHENKA

A ƙasarmu gida yana da zaure, baƙo namiji iyakarsa nan. A Alƙahira ko Dubai ko Landan ba zaure. Ƙofa ɗaya ce, falo ɗaya, makewayi ɗaya, kai da matar gida da 'yan matan gida. Zauren da magina ba su gina ba, sai ka gina shi da kanka.

Allah ya umarci muminai maza da runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30. Annabi (S.A.W.) kuma ya bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. A aya ta 58 ta wannan sura an ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da a ke tuɓe tufa a huta, da bayan sallar lisha. In ɗan gida sai ya nemi izini, ina ga kai? Kada ka fito daga ɗaki sai ka yi gyaran murya. Kada ka fito da gajeren wando ko ba riga. In za ka nemi wani abu, ka aiki yaro ko ka tambayi maigida.

In maigida ya fita aiki, kai ma ka fita. Ka tafi makaranta, ko kasuwa, ko masallaci. Annabi (S.A.W.) ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba, har da aka tambaye shi game da ɗan'uwan miji sai ya kwatanta shi da mutuwa. In ɗan'uwan miji ke nan, to baƙon da aka ba lamba a tasha fa? Kada ka ce zuciyarka fari ce. Ko ba abin da ya faru, maƙwabta suna da baki, kuma matar mutane ce za ta kwana da zargin bayan kai ka hau jirgi. Kada ka karɓi lambar 'yar gida a ɓoye. In aure ka ke so, ƙofarsa ubanta ne.

Sa'an nan abin da ka gani da abin da ka ji. Wanda ya kwana gidan mutum zai ji saɓaninsa da matarsa, zai ga ranar da ba a ɗora tukunya ba, zai gane Alhajin da a ke yi wa kallon mai kuɗi a gida ashe gadi ya ke yi. Allah ya hana bincike da yi da mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A zamaninmu kuma an sami sabon harshe, watau wayar hannu. Kada ka ɗauki hoton cikin gidan mutum, ko na iyalinsa, ko na abincinsa, ka watsa wa duniya ba da izininsa ba. Kada ka ba wani kwatancen gidan, kada ka jawo abokai su cika masa falo. Kai kaɗai aka sauka.

NA BIYAR: AKUSHI

Za a kawo maka abin da ba ka saba ba. A Kumasi sakwara da miyar gyaɗa, a Masar wake da gurasa tun da safe, a Sudan kisra, a Malesiya shinkafa da kifi mai yaji. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari cewa Annabi (S.A.W.) bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wata rana a ɗakin Nana Maimuna aka kawo gasasshen damo, ya janye hannunsa. Halidu bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa. Halidu ya jawo ya ci a gabansa. Ka ga bambanci ke nan tsakanin abin da Allah ya haramta da abin da ranka bai so ba. Kada ka haɗa su.

Ga misalin kishiyar haka. Ibn Baɗuɗa, mashahurin matafiyin nan na Maroko, ya bar garinsu Ɗanja a 1325, ya yi kusan shekara 30 yana yawon duniya, mafi yawa a gidajen mutane da zawiyoyi ya ke sauka. A 1352 ya ƙetare hamada ya iso Walata, a ƙasar Muritaniya ta yau, aka karɓi ayarinsu da dakakken gero da nono da ɗan zuma a ƙwarya, abu mai kama da furarmu. Sai ya raina, har ya rubuta rainin a littafinsa. Mutanen nan abin da su ke girmama baƙo da shi suka kawo. Yau fiye da shekara 600 ke nan, mai karatu na karantawa yana jin kunya a madadinsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka kuma sakin fuskar baƙo a kan akushi ya fi duk wata tsaraba.

Kuma ka lura da yawan abin da ka ke ci. Buhari da Muslim sun kawo labarin mutumin Madina da ya kai baƙo gida, babu komi sai abincin yara. Aka lallashi yaran suka yi barci, aka kashe fitila, shi da matarsa suka riƙa yi kamar suna ci har baƙo ya ƙoshi. Mu kan karanta wannan mu yaba wa mai gidan, kuma ya cancanci yabo. Amma kai da ka ke baƙo, ka karanta shi ta ɗaya gefen: mai yiwuwa naman da ke gabanka rabon yaran gidan ne. Irin waɗannan mutane ba su ƙare ba, kuma ba za su gaya maka ba.

NA SHIDA: SALLA DA SAƁANI

A nan ne samari masu son Sunna su ka fi tuntuɓe. Saurayi ya karanta littafi biyu, ya sauka gidan dattijon da ya haife shi, kwana ɗaya ya fara gyara masa salla.

Ka sani duniyar Musulmi tana da faɗi. A Turkiyya da Pakistan mafi yawa Hanafawa ne, a Malesiya da Indunisiya Shafi'awa, a Sa'udiyya Hambalawa, a Masar za ka ga Shafi'awa da Hanafawa da Malikawa. Za ka ga mai bayyana Bisimilla da mai ɓoye ta, mai ƙunuti da asuba da wanda ba ya yi, mai jinkirta la'asar fiye da yadda ka saba. Waɗannan mas'aloli ne da manyan malamai suka yi saɓani a kansu da hujjojinsu tun kafin a haifi kakanka. Abdullahi bin Mas'ud yana ganin ƙasaru ce sunna a Mina, amma da Halifa Usman ya cika raka'a huɗu sai ya bi shi ya cika, ya ce saɓani sharri ne. Abu Dawud ya ruwaito wannan.

Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya hana mutum ya yi wa wani limanci a wurin ikonsa, ko ya zauna a mazauninsa na musamman a gidansa, sai da izininsa. Ko ka fi shi karatu, shi ne liman a gidansa sai in ya gabatar da kai. Kujerarsa ma ba taka ba ce.

Ba mu ce ka sayar da addininka don kwano ba. Masu cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka ɗaura, maganarsu ta tsaya ga al'ada, ba ta shiga haram. In an kira ka ga abin da ka tabbata saɓon Allah ne, ka ba da haƙuri ka janye. In nasiha ta kama, ka yi ta tsakaninka da maigida ku biyu, da ladabin ɗa ga uba, ba a gaban matarsa da 'ya'yansa ba. In zama ya gagara, ka yi godiya ka nemi wani wuri. Amma ka ci tuwon mutum da dare, da safe ka hau waya kana kiransa da munanan sunaye, wannan ba ya cikin Sunna ko kaɗan.

In kuwa mai masaukinka ba Musulmi ba ne, kamar yadda ɗalibai kan samu a Turai da Amurka, to ka tuna hijirar farko a Musulunci zuwa Habasha aka yi ta, wajen 615, ƙarƙashin sarki Kirista, Najjashi. Da aka tambayi Ja'afar bin Abi Ɗalib abin da su ke faɗa game da Annabi Isa, bai ɓoye ba, bai kuma yi zagi ba. Da wani ya yi wa sarkin tawaye, Musulmi addu'ar nasara suka yi wa mai masaukinsu. Allah ya halatta mana abincin Ma'abota Littafi a Suratul Ma'ida, aya ta 5, ya kuma yarda mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba a Suratul Mumtahana, aya ta 8. Saboda haka tun kafin ka iso ka gaya musu ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kana salla sau biyar, kada a wahala a dafa sa'an nan ka ƙi. Ka tambayi inda za ka shimfiɗa darduma. In ka yi alwala ka goge ruwan da ka zubar a makewayi. In ka tashi asuba kada ƙararrawar wayarka ta tashi gida duka. Wataƙila kai ne Musulmin farko da ya taɓa kwana a gidan nan, kuma da kai za su auna sauran.

NA BAKWAI: INA HANYAR KASUWA?

Da Muhajirai suka isa Madina, Annabi (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'. Sa'ad ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ya tafi, ya dawo da ribar ɗan cuku da man shanu, daga nan Allah ya buɗa masa. Buhari ya ruwaito. Sa'ad ya yi abin da ya dace da mai masauki, Abdurrahman kuma ya yi abin da ya dace da baƙo.

To, kai ma ka nemi hanyar kasuwa. Ka zo da 'yar tsaraba daga gida, ko kilishi ne ko kuka ko daddawa in dokar ƙasar ta yarda a shiga da su, domin wanda ya daɗe a waje ya san darajarsu. Ka wanke kayanka da kwanonka, ka share ɗakin da ka ke kwana. A ƙasashe da yawa ruwa da wuta da gas duk da mita a ke biya, kada ka bar famfo na zuba ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki ka fita. In ka wuce kwana uku, ka shigo da burodi ko 'ya'yan itace ba sai an tambaye ka ba. Kada ka ranci kuɗin maigida. Kada ka sa shi ya tsaya maka a bashin da ba ka da tabbacin biya. In shi ya haɗa ka da masu kaya, kada ka zagaye shi don ka guje wa la'adarsa.

Kuma kada ka ajiye masa abin da ba ka san cikinsa ba. Saƙon da aka ba ka a filin jirgi a ɗaure, ka ce a buɗe a gabanka ko ka ƙi karɓa. A Sa'udiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi ya kan kai ga kisa. In an kama abu a ɗakinka, gidan wa aka kama shi?

NA TAKWAS: RANAR TAFIYA DA BAYANTA

Kada ka sulale. Ka sanar da ranar tafiyarka, ka mayar da mabuɗi, ka biya abin da ka fasa, ka nemi gafarar maigida da iyalinsa, ka ba yara ɗan abin da ya sawwaƙa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umarni a saka wa wanda ya yi alheri, in ba a sami abin sakawa ba a yi ta yi masa addu'a. Ya kuma gaya mana cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah.

In ka isa gida ka kira ka ce ka sauka lafiya. Kada ya zama ba a sake jin muryarka sai ranar da za ka aiko da wani baƙon. Ka je ka gai da danginsa da ke gida, ka isar da saƙonsa cikakke. In an tambaye ka yadda ya ke, ka faɗi alheri ka yi shiru da sauran. Ranar da ɗansa ko ɗan garinsu ya zo ƙasarku, ka tuna akwai bashi a kanka. Duniya juyi-juyi ce: tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, mutanen da gidajensu suka sauke alhazanmu da ɗalibanmu shekara da shekaru, miliyoyinsu sun bar gidajen nan, su ne yau ke neman wanda zai buɗe musu ƙofa.

Ya ɗan'uwa, kafin ka nemi lambar kowa, ka zauna ka tambayi kanka: na san ranar da zan tashi daga gidan nan? Takarduna za su jawo masa fitina? Zan iya riƙe idona da bakina? In ka ga ba za ka iya ba, ka tara kuɗin haya tukuna, ya fi maka sauƙi ranar hisabi.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya. Allah ya saka wa duk wanda ya taɓa sauke baƙo da mafificin alheri, ya yalwata masa arziki, ya rufa masa asiri duniya da lahira. Allah ya sa mu zama baƙin da a ke kewarsu bayan sun tafi. Abin da muka faɗa daidai Allah ya ba mu ikon aiki da shi.